Kafin Ka Zuba Wa Kambas Ɗinka Lemo, Saurara

Yau zancen takalmi na zo da shi. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke damun Bahaushe a Ikko, ga kuɗin haya, ga tsadar mota in za a je gida Sallah, a rasa abin da za a yi magana a kai sai ƙasan kambas? To ka yi mini haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, domin kuwa ƙasan kambas ɗin nan ne ya kwantar da taubashina wata huɗu a ɗaki, ya kuma cinye wa goggona kuɗin adashin da ta yi shekara guda tana zubi.

Ni haifaffen Agege ne. Mahaifina ya zo daga ƙasar Katsina tun kafin a haife ni, kuma sana'arsa sayar da takalman gwanjo. Tun ina firamare nake zuwa rumfa ranar Asabar, in an fasa dila ni ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, in wanke, in cusa takarda a ciki don ya miƙe. Da na gama sakandare sai na zauna a rumfar gaba ɗaya. Da yamma kuwa ƙwallon kwando nake bugawa, ni da wasu samarin unguwarmu, Hausawa da Yarbawa da Ibo. Saboda haka in dai takalmi ne, ina ganin na san shi ta fuska biyu, wato ta fuskar mai sayarwa da ta mai sakawa. Sai dai kamar yadda za ku gani, sanin nawa bai hana ni tafka kuskure ba.

A filin siminti muka koyi wasa, irin wanda yake a waje rana na dukansa. Shi siminti yana da kaushi, kowane irin takalmi ka sa zai kama, har da silifas na ga ana wasa. Shi ya sa ba mu taɓa sanin akwai wata matsala wai ita santsi ba. A shekarar 2023 kocinmu ya roƙa mana alfarma a wata makaranta da ke da zauren wasa mai rufi da daɓen katako, aka yarda mu riƙa zuwa sau biyu a mako da yamma. Ranar farko murna kamar mu yi me, ga mu a irin filin da muke gani a talabijin. Amma da aka jefa ƙwallo sama sai muka ga abin mamaki. Mutum zai sheƙo da gudu ya so ya tsaya, ƙafa ta ƙi tsayawa, kai ka ce miyar kuɓewa aka zuba a wurin. Muka yi ta dariya, muna cewa katakon Turawa bai san ƙafar Bahaushe ba.

Dariyar ta ƙare a watan Janairu na 2024, ana tsakiyar hunturu. Taubashina ya karɓi ƙwallo ya nufi kwando, ya taka da ƙafar dama zai karya hagu, sai ƙafar ta zame ta tafi gefe, ta hagu kuma tana nan a kafe. Duk wanda ke kusa ya ji ƙarar gwiwar. Muka kai shi wurin mai ɗori, ya duba ya ce babu karaya. Kumburi ya ƙi sauka, sai asibiti, aka ɗauki hoto aka ce jijiya ce a cikin gwiwa ta samu matsala. Yaron nan a kasuwar Mile 12 yake neman abincinsa, yana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa. Ranar da bai fita ba, ranar babu ko sisi.

A daren da abin ya faru, mai kula da zauren ya ce da kocinmu, a gabanmu, yaranka ne ke kawo ƙura, da takalmin kasuwa suke shigowa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauka irin rainin nan ne da muka saba ji, na "aboki" bai san tsafta ba. Har na buɗe baki zan mayar da magana koci ya riƙe hannuna. Washegari da na je duba mara lafiya, sai na ga kambas ɗin a bakin ƙofa, na ɗauka na juya ƙasansa. Wurin da tafin ƙafa ke takawa ya suɗe tas kamar bayan cokali. Inda zane ya rage kuwa ya cika da busasshen taɓo da baƙin mai na kan titi. Na danna robar da farce, ta yi tauri kamar bokitin roba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni na zaɓar masa wannan takalmin a rumfarmu. Na zaɓa ne don samansa na da kyau kuma sunan kamfanin babba ne. Ƙasan ko kallo bai ishe ni ba.

Tun daga ranar na shiga tambaya da gwaji, kuma ga matsayin da na tsaya a kai: santsin takalmi a zauren wasa, kusan kullum, magana ce ta datti da tsufan roba. Maganin datti wanki ne da shara. Tsufan roba kuwa ba shi da magani sai canji. Duk sauran dabarun da muke yi tsakaninmu, na lemo da tofin yawu da sauransu, yaudarar kai ne, wasunsu ma suna ƙara jefa abokan wasa cikin hatsari.

Me ke sa takalmi ya kama ƙasa?

Malamin kimiyya ya koya mana a sakandare cewa abu biyu in suka haɗu akwai gogayya a tsakaninsu, ita ce ke hana ɗaya zamewa a kan ɗaya. A filin siminti kaushin simintin ne ke yin aikin. A daɓen katako kuwa, wanda aka goge aka shafa masa mai ƙyalli, babu kaushi, don haka aikin ya koma kan robar takalmi. Dole ta zama mai laushi, ta kwanta a kan daɓen ta manne. Duk abin da ya shiga tsakanin roba da katako ya raba su, shi ne santsi. Ƙura ita ce babbar mai raba su. Ka ɗauka kamar ka watsa gero a kan siminti ka taka, ai ƙwayoyin za su mirgina da kai. Haka ƙura take yi, sai dai ido ba ya ganin ƙwayoyinta. Wannan ne ma dalilin zanen da ake yi a ƙasan takalmin ƙwallon kwando, wanda ya fi yawa shi ne mai kama da ƙashin kifi. Bakin kowane layi yana share daɓe in ka taka, ramukan kuma su ba ƙura wurin shiga. In ramukan suka cika da taɓo, ko layukan suka suɗe, aikin ya tsaya.

Abu na biyu, roba tana mutuwa. Wannan mu 'yan gwanjo mun sani sarai. Iska da zafi da hasken rana suna busar da ita a hankali har ta yi tauri ta yi ƙyalli. Takalmi zai iya zama ba a taɓa sa shi sau goma ba, zanensa na nan cif, amma ya yi shekaru a ɗakin ajiya a Turai, ya yi watanni a cikin kwantena a kan teku, ya kwana biyu a Kwatano, sannan ya zo ya sha rana a kan teburinmu. Irin wannan ko ka wanke shi da me, ba zai kama katako ba.

Abu na uku, ba kowane kambas ne na zauren wasa ba. Na gudu an yi shi ne don tafiya gaba, dunduniyarsa na da tudu da soso mai yawa, in ka karya gefe da shi idon sawunka ne zai biya. Na gayu kuwa sau da yawa ƙasansa ba roba ce ta ainihi ba, wani soso ne mai tauri ko leda. Masu wasan badminton da ƙwallon raga da ƙwallon hannu, in ka lura, da yawansu ƙasan takalminsu ruwan zuma ne, roba ce mai danƙo wadda ba ta barin baƙin tabo a daɓe. Ita irin wannan tana kama katako ƙwarai, amma siminti yana cinye ta cikin ɗan lokaci.

Abu na huɗu shi ne daɓen kansa. Da hunturu ƙurar da muke gudu a Arewa tana biyo mu har bakin teku, ta shiga ta taga ta kwanta a kan katako. Da damina kuma laima ce da gumin 'yan wasa. Kar ka ɗauka mu kaɗai abin ke damu. A ranar 30 ga Nuwamba 2016, a Amurka, an ɗage wasan NBA tsakanin Philadelphia 76ers da Sacramento Kings bayan 'yan kallo sun cika wuri, saboda daɓen ya yi laima yana santsi. Mutanen da ke sa takalma masu tsada ke nan, amma ba wanda ya ce a zuba musu lemo a ci gaba. Fasa wasan aka yi.

Dabarun da nake roƙon a daina

Ta farko ita ce lemon kwalba ko ruwan sukari. Na ga yaro ya zuba Coca-Cola a kwali ya taka, ya shiga fili yana ƙara cuwi-cuwi yana murna. Gaskiya ne, minti biyar na farko yana kamawa. Amma me sukari ke yi in ya bushe? Yana kwashe duk ƙurar da ke wurin ya manna ta a ƙasan takalmi, kafin a je hutu takalmin ya fi da santsi. Bugu da ƙari ya bar danƙo a wasu wurare a daɓen, wato yanzu fili ya zama wani wuri na kamawa wani wuri na zamewa, ƙafa ba ta san abin da za ta tarar ba. Feshin gashi na mata da wasu ke fesawa, shi ma hukuncinsu ɗaya.

A nan akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba: kamawa in ta yi yawa ita ma hatsari ce. In ƙafa ta manne a wuri ɗaya jiki kuma yana juyawa, gwiwa ce ke murɗewa. Abin da ake so shi ne kamawa daidai wa daida, iri ɗaya a ko'ina cikin fili, yadda ƙafa za ta tsaya in ka so tsayawa, ta kuma juya in ka so juyawa.

Ta biyu, tofa yawu a hannu ko a ƙasa a goga takalmi. Shafa tafin hannu a ƙasan takalmi yana cire ƙura na ɗan lokaci, har manyan 'yan wasa suna yi. Amma hannun da ya shafi takalmin da ya bi kwatar Agege, shi ne zai riƙe ƙwallon da mutum goma ke taɓawa, shi ne kuma zai share gumin fuska. Tofi a daɓe kuwa ƙazanta ce, kuma tarko ne ga na bayanka.

Ta uku, fetur ko kananzir. Wasu na cewa yana tausasa roba. Abin da yake yi shi ne ya kumbura ta ya lalata ta, ya kuma narkar da gam ɗin da ya riƙe ƙasan da saman. Takalmin da gam ɗinsa ya saki yana iya rabuwa biyu kana cikin gudu. A ranar 20 ga Fabrairu 2019, Zion Williamson yana buga wa jami'ar Duke wasa da North Carolina, ko minti ɗaya ba a yi ba takalminsa ya yage ƙafar ta fito waje, ya ji ciwo a gwiwa. In takalmin ɗan wasa irin wannan zai iya haka, ina ga namu da ya sha ruwan Ikko aka kuma shafa masa kananzir?

Ta huɗu, samfefa da reza. Goga samfefa kaɗan tana cire ƙyallin da ya rufe saman roba, kuma na yarda tana ɗan taimakawa in robar ciki tana da sauran rai. Sai dai duk gugar da ka yi, zanen kake ci. Tsaga sabon zane da reza kuwa, robar da ta riga ta yi siriri kake ƙara raunanawa. Haka nan kai wa mai gyaran takalmi ya manna taya a ƙasa. 'Yan uwanmu masu yawo da akwati suna ƙwanƙwasawa sun iya aikinsu, kuma taya tana da kyau ga takalmin zuwa kasuwa, amma tana da tauri da nauyi, tana kuma zana baƙin layi a katako. Ranar da mai zaure ya ga wannan layin, ranar za a rufe mana ƙofa.

Abin da na gwada na ga amfaninsa

Na ɗaya, kuma shi ne uban duka: takalmin zaure kada ya taka titi. Ka zo da silifas ɗinka, kambas yana cikin leda ko jaka, sai ka zauna a bakin fili ka sa. In an tashi ka cire kafin ka fita. Ko fita shan ruwa za ka yi, ka sauya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wane ne a cikinmu zai shiga ɗakin mahaifiyarsa ya taka mata shimfiɗa da takalmin da ya dawo da shi daga kasuwa? To daɓen katako ma shimfiɗa ce.

Na biyu, wanki. Ruwa mai ɗumi, ɗan sabulun wanke kwano kaɗan, da tsohon buroshin goge baki. Ka bi ramukan zanen ɗaya bayan ɗaya, inda tsakuwa ta maƙale ka sa tsinke ka cire. Sannan ka ɗauraye sosai, don sabulun da ya bushe a kan roba shi kansa santsi ne. Ba sai ka jiƙa takalmin duka ba, ƙasan kawai. Ka shanya a inuwa inda iska ke wucewa. Kar ka ɗora a kan kwanon rufi, kar ka kai kusa da murhu ko janareta, zafi ne ke kashe roba ya kuma saki gam. Ni ina yi duk bayan wasa biyu, da hunturu kuwa duk bayan wasa, kuma ba ya cin minti goma.

Na uku, tawul biyu a bakin fili, ɗaya mai ɗan laima wanda aka matse sosai, ɗaya busasshe. Kafin ka shiga ka goga ƙafa a na farko, ka taka na biyu. In an yi hutu ka sake. A wasannin NBA za ka ga 'yan wasa suna taka wani faifai mai danƙo a gefen fili kafin su shiga, to aikin da yake yi ke nan, cire ƙura. Tsohon tawul yana yin kusan wannan aikin ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Sai dai a ajiye shi nesa da layi, kada ruwa ya bi ƙafa ya shiga fili.

Na huɗu, ka duba ko ƙafarka ce ke zamewa a cikin takalmin. Mu 'yan gwanjo mun saba cewa mai saye ya ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarsa, wai ya fi daɗewa. A wasa wannan kuskure ne. In takalmi ya yi yawa, ƙasansa zai tsaya amma ƙafarka ta ci gaba da tafiya a ciki. Ka nemi daidai kai, ka sa safa mai kauri, ka ɗaure igiya har ramin ƙarshe.

Na biyar, a share fili. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15. Mu mun naɗe babban tawul mai ɗan laima a jikin dogon katako mai mariƙi, mutum biyu suna turawa daga wannan kai zuwa wancan, kafin sauran su gama ɗumama jiki an gama. Tsintsiya ba ta yi, tayar da ƙurar take yi ta sake sauka. Ruwa da yawa kuma yana ɓata katako. In wani ya faɗi, a tsayar da wasa a goge gumin da ya bari kafin a ci gaba. Ko takalminka ya fi na kowa tsafta, in mutum ɗaya ya shigo da na kasuwa, cikin kwata ɗaya ƙurarsa ta zama ta kowa.

In za ka saya a gwanjo

Yawancinmu a gwanjo za mu saya, wannan ba abin kunya ba ne, kuma akwai masu kyau. Amma ka fara da juya shi. Ka duba wurin da ke ƙarƙashin babban yatsa da tafin ƙafa, nan ne ke fara suɗewa. Ka danna farce a robar, in ta lotsa ta dawo tana da rai, in farcen ya zame to ta mutu. Ka goge ƙasan da tsumma ka tura shi a kan tayil ko gilashin teburin mai shago, ka ji ko yana turjewa. Ka lanƙwasa shi ka duba ko gefe yana buɗe baki. Ka matsa soson tsakiya, akwai irin da laimar Kurmi ke ruɓarwa ya riƙa zuba kamar garin burodi. Wasu kamfanonin suna buga kwanan watan da aka yi takalmin a 'yar takardar da ke bayan harshensa, ka duba, in ya daɗe ƙwarai ka bar shi ga mai zuwa biki. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, balle a ce da gwiwarka za ka cika kuɗin.

Na yi wannan maganar da mahaifina. Na ce, "Baba, ina ganin wanda ya ce mana wasa zai yi da takalmi, ya kamata mu nuna masa ƙasan, in ba zai yi ba mu gaya masa." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, kasuwa muka buɗe ko asibiti?" Na yi shiru. Ya san ni na ba ɗan ƙanwarsa wancan takalmin, ni ma na san ya sani. Bayan kwana biyu da aka fasa sabuwar dila, sai ya turo mini wani buhu ya ce, "Ware naka na 'yan ƙwallo ka zuba a nan, sauran kuma kar ka kore mini masu saye da wa'azi." Tun daga lokacin haka muke yi. Akwai waɗanda in na ce wannan ba zai yi wasa ba sai su wuce rumfar gaba su sayi irinsa, ba yadda zan yi da su. Amma ni dai ba zan ƙara miƙa wa ɗan wasa mataccen takalmi da hannuna ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha gaya mini: kai ɗan mai rumfa ne, takalmi ba ya yi maka wuya, wanda da ƙyar ya sayi ƙafa ɗaya ta yaya za ka ce ya ajiye ta sai ranar wasa? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Na san yaran da kambas ɗaya ne da su, shi ne na Juma'a, shi ne na zance, shi ne na fili. Amma a yi lissafi. Takalmin da ke bin titin Ikko kullum, daga Agege zuwa Oshodi, cikin ruwa da taɓo, wata nawa yake yi? Wanda ba ya taka komai sai katako sau biyu a mako yana iya ninka wannan sau da yawa. Ba kambas biyu na ce ka saya ba, kambas ɗaya da silifas na ce. Mai wasa a siminti da katako duka kuwa, wanda ya gaji a katako ya mayar da shi na siminti, can zai ci gaba da aiki. In kuma duk wannan bai yiwu ba, to aƙalla ka wanke ƙasan kafin ka shiga, buroshi da ruwa ba su fi ƙarfin kowa ba. Kuɗin da aka kashe a gwiwar taubashina, da hoto da magani da kuɗin mota zuwa asibiti, ban da wata huɗun da bai yi aiki ba, ya isa ya saya wa duk 'yan ƙungiyarmu takalmi.

Wasu kuma za su ce ƙaddara ce, abin da zai samu mutum ba ya wuce shi. Haka ne, ban musa ba. Amma direban da zai ɗauki goro daga Shagamu zuwa Sakkwato ba ya tashi da sulɓaɓɓiyar taya ya ce ƙaddara, sai ya duba tayoyinsa tukuna ya yi addu'a ya kama hanya. Ƙwallon kwando da ƙafa ake yin ta kafin hannu. Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a nan Ikko ya je ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, da tsaron gida a ƙwallon ƙafa ya fara, kuma abin da aka fi yabonsa da shi shi ne iya taku da juyi. Babu mai koyon irin wannan takun a kan ƙafar da bai amince da ita ba. Yaron da ke tsoron zamewa ba ya tsayawa da ƙarfi, ba ya karya kwana, a haka zai saba har wasansa ya lalace ko da bai taɓa faɗuwa ba.

Akwai kuma maganar mutuncinmu. Zaurukan wasa masu rufi ba su da yawa a garin nan in aka kwatanta da yawan jama'a. In ka cire irin na babban filin wasa na Surulere da na Rowe Park a Yaba, yawancin sauran na makarantu ne da ƙungiyoyi, alfarma ake yi mana. Mu da muke zaune a garin wasu mun san yadda abin yake, laifin mutum ɗaya sunan duka ake kira. Mai kula da zauren nan maganarsa ta yi zafi, amma da na juya takalmin na ga ba ƙarya ya yi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yanzu mu ne ke fara zuwa mu goge fili, kuma duk wanda ya zo da takalmi a ƙafa daga waje, ko Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo, sai ya zauna ya wanke ƙasan kafin ya shiga. Mutumin da ya ce mu ne masu kawo ƙura, yanzu in zai tafi da wuri mu yake bar wa makulli.

Taubashina ya miƙe, ya koma kasuwa, sai dai ba ya ɗaukar kaya masu nauyi kamar da, kuma bai ƙara buga ƙwallo ba. Wani lokaci yakan biyo mu ya zauna a benci, shi ke riƙe da tawul. Duk wanda ya gani sai ya nuna ni ya ce, ga wanda ya sayar mini da kuɓewa a kuɗin kambas. Wasan taubasai ne, ina dariya, amma har yau in ya faɗa sai na ji abin a raina.

Don haka ɗan uwa, in kana wasa a zaure, ko kana da ƙane ko ɗa da ke yi, a Ikko kake ko Badun ko Fatakwal, yau da dare ka ɗauki kambas ɗin ka juya ƙasansa ka duba. In datti ne ka wanke. In roba ta mutu ka haƙura da shi, ka mayar da shi na yawo. Allah Ya kare mu daga tsautsayi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma sa albarka a nemanmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.